Littattafai Bakwai a Ɗakin Ɗinki

Baba Tsani ake ce masa a laburaren jami'ar, kuma idan ka nemi sunansa na yanka sai an buɗe fayil kafin a gaya maka. Gajeren mutum ne, kantocin littattafai kuwa dogaye, don haka shekara talatin da ɗaya yana yawo da wani tsanin katako mai taki biyar a kafaɗa, kamar tare aka haife su. Bene na biyu ne nasa. Ɗalibi zai cika 'yar takardar neman littafi ya miƙa masa, shi kuma ya ɗaga tabarau ya duba sau ɗaya, ya shige cikin layuka. Kafin ɗalibin ya gama hamma, littafi na hannunsa. Ko da aka kawo kwamfutoci, sau da yawa na'urar tana nan tana juya 'yar da'irarta Baba ya riga ya dawo yana kaɗe ƙura.

A ƙasan takardar akwai gidaje huɗu da ma'aikaci ke sa wa alama: yana nan, an ara, yana ɗinki, babu. Gida na huɗun nan alƙalamin Baba bai taɓa sauka a cikinsa ba. Wanda ya koya masa aiki, wani tsoho mai yawan tari, shi ya ja masa kunne tun makon farko.

"Duk littafin da ka rubuta babu a benenka, kai za a tambaya ina ka kai shi. Ka ga kujerar can? Mai ita ya rubuta babu sau uku a wata guda. Yanzu yana gida yana kiwon kaji."

"To in na duba ban gani ba fa, ranka ya daɗe?"

"Yana ɗinki."

Ɗakin ɗinki wani ɗaki ne can ƙasa bayan matattakala, inda ake gyara littattafan da suka yage, ba mai leƙa shi sai ɓera. Ka ce yana ɗinki, ka buga hatimi, ka sami mako biyu. A cikin mako biyun nan littafi yakan fito da kansa. Ko ya faɗa bayan kanta, ko wani ɗalibi ya ɓoye shi a sashen lissafi don kada abokansa su samu, ko wani malami ya yi matashin kai da shi a ofis. Dabarar ba ta taɓa ba Baba kunya ba. Saura wata takwas ya yi ritaya, fayil ɗinsa fari fat, ko takardar gargaɗi ɗaya babu. Abin da yake son fita da shi ke nan, ba shi da gida mai bene, ba shi da mota, sai wannan farin fayil.

Abu ɗaya yake tsoro fiye da Madam shugabar laburare, shi ne kansa. Mahaifinsa a daidai irin wannan shekarun ya fara mantuwa. Da farko makulli ne, sai hanyar gida, har wata rana ya dubi Baba ya ce, "Bawan Allah, wa kake nema?" Tun daga nan, duk ranar da Baba ya nemi tabarau ya same shi a goshinsa, sai ya tuna da mahaifinsa.

A haka wata Malama ta zo masa ranar wata Talata. Malamar firamare ce da ke neman digiri na biyu, kullum a gurguje take, alli a hannun rigarta. Ta ajiye takardu goma sha ɗaya a gabansa.

"Baba, don Allah ka taimake ni. Manazartar kundina ce. Malamin da ke duba ni ya ce in tabbatar suna nan kafin in miƙa."

Huɗu ya kawo mata kafin ta zauna. Sauran bakwai ɗin ne suka tsayar da shi. Ba wai sunayen baƙi ba ne, da sun kasance baƙi ma da sauƙi. Marubucin farko Baba ya san shi sarai, littattafansa uku na kanta ta tara, amma wannan na huɗun bai taɓa jin labarinsa ba. Wata mujalla kuma tana nan, fitowa ta goma sha huɗu, ya buɗe shafin da aka rubuta, sai ya tarar da wani rubutu daban kan kiwon kifi. Komai na takardar daidai yake, da shekara da gidan buga littafi da lambar shafi, irin na wanda ya riƙe littafin a hannu. To idan littafin na nan a duniya, marubucin kuma nasa ne, sashen nasa ne, me ya sa kansa ya yi fayau?

Ya tsaya a kan taki na huɗu na tsaninsa. Sai fuskar mahaifinsa ta faɗo masa.

Ya sauko, ya ɗauki hatimi, ya buga sau bakwai. Yana ɗinki.

"Alhamdu lillahi!" in ji Malama. "Wato dai suna nan. Wallahi Baba ka cire mini ƙaya. Har na fara shakka."

"Mu nan ba ma rasa littafi," ya ce, da muryar da ba tasa ba.

Ta linke takardun ta sa a jaka ta wuce. Shi kuma ya fara nema. Lokacin cin abinci ya daina fita. Ya bi kanta ta tara littafi bayan littafi, ya zura hannu baya har gizo-gizo ya san shi. Ya sauka rumbun ajiya, ya buɗe kwalayen da rabon a taɓa su tun Madam na ɗaliba, ya fito fari kamar mai niƙa. Ya koma tsofaffin katunan da aka jibge a lungu, durowa bayan durowa. Mako biyu suka cika, ko ɗaya bai fito ba. Abin da ya ƙara tsorata shi shi ne wasu ɗaliban ma sun fara kawo irin waɗannan takardu. Yau biyu, gobe uku, sunaye masu kyau, littattafai kuwa ko ƙamshinsu. Shi kuma hatimi kawai yake bugawa, yana ji kamar yana buga wa kansa takardar asibiti.

A gida ya fara gwada kansa. Yana alwala yana jera sunayen jikoki daga babba zuwa ƙarami, ya sake jerowa daga ƙarami. Matarsa ta kama shi yana yi.

"Malam, lafiya? Rabon gado kake yi tun muna raye?"

"Ke dai bari. Jikokinmu nawa ne?"

"Tara."

"Na samu tara."

"To sai me? Ka ci jarrabawa, a ba ka alawa?"

Ya ce a hankali, "Littattafai suna ɓace mini a ka. Irin na mahaifina ne ya fara."

Ta ajiye tsintsiya ta dube shi da kyau. "Kai da ka tuna mini jiya cewa na ƙona maka riga shekara ashirin da suka wuce, har da launinta? Wannan kan naka ko an roƙe shi ba ya mantuwa." Ta faɗa da wasa, amma ya ga yadda ta riƙa satar kallonsa har ya fita.

Bayan wata biyu Madam ta aiko a kira shi. Ofishinta sanyi ƙalau, amma Baba yana shiga gumi ya karyo masa. Takardun nan bakwai na shimfiɗe a teburinta, kowace da hatiminsa da sa hannunsa.

"Baba, zauna. Ka san waɗannan?"

"Hannuna ne, ranki ya daɗe."

"Mai jarrabawa da aka gayyato daga wata jami'a ya duba kundin wata ɗaliba. Ya ce littattafai bakwai a manazartarta babu su a duniya, ƙirƙirarriyar basira ce ta ƙago su, wato manhajar nan da yara ke tambaya a waya tana rubuta musu. An kafa kwamiti. Ita kuma ta kawo waɗannan, ta ce ga shaida, laburaren jami'a ya tabbatar suna nan." Ta cire tabarau. "Na sauka ɗakin ɗinki da ƙafata. Mai ɗinki ya ce rabonsa da zare shekara biyu. Jarida na same shi yana karantawa."

Baba ya ƙura wa hatiminsa ido.

"Abu biyu ne, Baba. Ko littattafan suna nan sun ɓace a benenka, bakwai rigis, mu kira masu bincike. Ko kuma ka sa hannu a takardar hukuma kan abin da ba ka gani ba. Ranar Alhamis ƙarfe goma za ka gaya wa kwamiti wanne ne."

Bai san yadda ya sauko daga matattakala ba. Ranar ce kaɗai a shekara talatin da ɗaya ya tafi gida ya bar tsaninsa a tsakiyar layi.

Autarsa ce ta warware masa rabin abin. Ta zo gaishe su da rana, ta same shi zaune ya zuba tagumi, uwar ta ba ta labari. Ta fito da waya.

"Baba, faɗi wani abu da ka tabbata ba wanda ya taɓa rubuta littafi a kai."

"Ni ina na sani? Tsanin laburare."

Ta danna, ta danna, ta juyo masa da fuskar wayar. Littattafai biyar suka jeru reras kan tarihin tsani a ɗakunan karatu, da marubuta, da shekaru, har da wanda aka ce an sake bugawa karo na biyu.

"Akwai su?" ya tambaya.

"Wataƙila ko ɗaya babu. Wani lokaci takan faɗi gaskiya, wani lokaci in ba ta sani ba sai ta haɗa abin da ya yi kama da gaskiya. Kuma da murya ɗaya take faɗin duka biyun."

"Ba ta cewa ban sani ba?"

"Ba kasafai ba."

Matarsa daga bakin ƙofa ta ce, "Ashe 'yar'uwarka ce, Malam."

Ba wanda ya yi dariya sai ita, ita ma ta katse. Baba ya ji wani sanyi ya ratsa shi, ashe kansa lafiya lau, ba abin da ya manta. Amma sanyin bai kai minti ɗaya ba wani tsoron ya danne shi. Wata biyu yana haƙilon neman abin da ba a taɓa bugawa ba, kuma ya sa hannu cewa yana ƙasa ana masa ɗinki.

Ranar Laraba Malama ta tare shi a kan matattakala. Ta rame, idanunta sun yi ja.

"Baba, ka rufa mini asiri. Ka ce suna nan, ɓacewa suka yi. Littafi ai yana ɓacewa. Ni in aka ce ƙage na yi, korata za a yi, har wurin aikina sai labari ya kai. Shekara uku ina barin yara wurin maƙwabta."

"'Yata, in na ce sun ɓace, ɓarawo za a ce da ni."

"Ni ma ba ɓarauniya ba ce! Malamina ya ce manazarta ta yi kaɗan, in ƙaro. Mu arba'in ne a hannunsa, ko minti biyar ba ka samu. Na tambayi manhajar, ta ba ni, har da taƙaitawar abin da ke ciki. Na ɗauka daga laburaren duniya take karantowa. Da zuciyata ta ƙi kwanciya, wurin wa na zo? Wurinka. Da ka ce mini babu, wallahi a ranar zan goge su."

Wannan maganar ta fi ta Madam zafi. Baba ya riƙe ƙarfen matattakala. Ya so ya ce mata ai ita ma ta rubuta "kamar yadda wane ya ce a shafi kaza" alhali ba ta ga shafin ba, amma ya fasa. Shi me ya gani?

"Ki je," ya ce. "Allah ya kai mu gobe."

Ɗakin kwamiti dogon tebur ne da mutum biyar a bayansa, da kujera ɗaya a gaba, irin wadda ke sa ƙafar gajeren mutum ta yi lilo. Farfesan da ke shugabanta tsoho ne mai magana ƙasa-ƙasa, sai ka miƙa wuya kafin ka ji abin da zai halaka ka. Malama na gefe guda. Malamin da ya duba ta na ɗaya gefen, yana ta goge wuya da hankici, don an ce shi ma ya sa sunansa a wata maƙala da aka ciro daga kundin.

"Baba," in ji Farfesa, "tambaya ɗaya ce. Waɗannan littattafai bakwai, ka taɓa ganinsu da idonka?"

Baba ya dubi Malama. Ƙarya na nan kusa, mai sauƙi, ya ma san yadda zai jera ta: an sauko da su, an yi gyaran rufi, kwalaye sun cakuɗe. Sai dai bayanta masu bincike ne, da buɗe akwatin ajiyarsa, da tambayar maƙwabta ko yana sayar da takardu. Gaskiya kuma bayanta ga matar nan da jajayen idanu.

"Ban taɓa gani ba, ranka ya daɗe."

Malama ta sunkuyar da kai.

"To me ya kai su ɗinki?"

"Ni na kai su, da alƙalami." Da maganar ta fara fita sai ta ƙi tsayawa. Ya faɗi tsohon mai tari, da kujerar mai kiwon kaji, da mako biyun da ake samu. Ya ce haka ake yi a kowane bene, sai ya tuna Madam na zaune, ya ce wato a nasa benen. Wani matashin Dakta ya danne dariya.

"Shekara nawa kana haka?"

"Tun ina da gashi, ranka ya daɗe. Amma da, littafin yakan fito. Waɗannan ne suka ƙi." Ya haɗiye yawu. "Ina da roƙo. Yarinyar nan ta zo ta tambaya. Da ƙafarta ta hau bene. Wanda ya yi niyyar ƙage ba ya zuwa neman a tona shi. Ni na ce mata suna nan."

Farfesa ya juya ga Malama. "Kin ji. Amma a shafi na talatin da biyu kin ce marubucin ya yi gwaji da yara ɗari biyu. Littafin yana ɗinki, a ina kika karanta?"

"A waya, ranka ya daɗe," ta ce da ƙyar.

Farfesa ya juya ga malaminta. "Kai kuma, Dakta, ka sa hannu a kundin. A ina ka karanta?"

Malamin ya fara wani dogon bayani kan yawan ɗalibai da ƙarancin lokaci. Farfesa ya bar shi har ya gaji don kansa, sa'an nan ya ce a hankali, "Wato mutum uku sun shaida littafi bakwai, ba wanda ya taɓa ko bangonsu." Ya rubuta wani abu. Ƙarar alƙalamin nan a kan takarda Baba ya ji ta har cikin haƙoransa.

Hukunci ya fito bayan kwana goma. Malama ba a kore ta ba, saboda takardun sun nuna ta nemi tabbaci, amma an soke kundin, ta sake daga babi na biyu, shekara guda ta tafi. Malaminta aka janye maƙalar, aka hana shi duba ɗalibai na wani lokaci. Baba kuwa takardar gargaɗi ce, layi shida, aka huda ta aka sa a fayil ɗinsa a kan idonsa. An ɗauke shi daga bene na biyu, an mai da shi bakin ƙofa yana duba jakunkunan masu fita.

Da ya kai takardar gida matarsa ta sa Auta ta karanta mata sau biyu.

"Ba su ce ɓarawo ba?"

"Ba su ce ba, Mama."

"Ba su ce ya tsufa ya rikice ba?"

"A'a."

"To Malam, tashi ka ci abinci. Maƙaryaci kawai suka ce, wannan kuwa ni na riga su sani." Ta faɗa tana goge ido da gefen mayafi.

Bakin ƙofa aiki ne na zaune, amma Baba bai taɓa gajiya irin ta wurin ba. Yana kallon ɗalibai suna hawa bene kowa da waya a hannu, yana ta lissafin wanne ne ke ɗauke da sunan littafin da ba a haifa ba. Malama takan wuce da littattafai rungume a ƙirji, ta buɗe masa jaka, ya duba, ta rufe. Mako uku ba ta ce masa uffan ba. Ran nan ta tsaya.

"Na gama karanta littafi biyu, Baba. Ɗayan ma kishiyar abin da nake so ya faɗa."

"Ki rubuta haka ɗin," ya ce.

Ta gyaɗa kai ta fita. Bai gama sauke numfashi ba sai ga Madam ta sauko, masinja biyu na bin ta da wani babban kwali, suna nishi. Baba ya gane kwalin tun daga nesa. A ciki ake tara kwafin takardun neman littafi na bene na biyu.

"Kwamiti ya ce a kai masa na shekara biyu," in ji Madam ba tare da ta dube shi ba. "Za a bi duk mai hatimin ɗinki, a nemo kundin mai ita."

Baba ya san adadinsu, don kansa lafiya lau yake. Ɗalibi goma sha tara ne, kuma yana tuna fuskar kowanne, har da wanda ya riga ya karɓi digiri ya zo ya yi masa godiya da iyayensa.

"Baba, ƙofa," in ji ɗaya daga cikinsu. "Abin da nauyi."

Ya tashi, ya buɗe musu ɓangare biyun duka, ya riƙe har suka wuce.